Igiyar Barmo

Mahaifina Barmo bai san mita ba.
Gaba ya sani: ya buɗe hannuwa biyu,
ƙirji a tsakiya, kamar mai tarbar baƙo,
ya ce ɗaya, ya naɗe, ya ce biyu,
har ya kai ƙarshen igiya.

Daga Tawa zuwa ƙauyukan kan dutse
akwai ramukan da ke ɗauke da sawun dugadugansa.
In ya ce gaba goma sha tara,
ba mai sake leƙa rijiya.

Ni kuwa lakwal ta ba ni wani abu
mai kama da katantanwa,
ka ja harshensa, ya miƙe da lambobi,
ka saki, ya ruga gida.
Ranar da na kawo shi, tsoho ya juya shi sau biyu,
ya ce, "Wannan hannun wane ne?"
Na ce, "Ba na kowa ba."
Ya ce, "Abin da ba shi da mai shi,
wa za a kama ran da ya yi ƙarya?"

Inna Cima ma da tata rigimar.
Shekara talatin tana awon hatsi a kasuwa:
ta cika, ta ɗora tozo, ta tare da tafin hannu,
in mai saye ya zo da ido a zurme
ta ƙara damƙi, ta kau da kai.
Ta ce, "Sikelinku ya iya wannan?
Allurarsa ta taɓa jin kunya?"

Na yi shiru. Amma na san Alhaji Hankurau
da kwanoninsa biyu masu fenti ɗaya,
mai zurfin ciki na karɓa da kaka,
mai bugaggen gindi na bayarwa da bazara.
Gwaggona ta ci bashin goma, ta biya goma,
rumbunta ya rantse sha biyu suka fita.
Duka biyun, in ka tambaya, sunansu tiya.

Bara, da ruwa ya ɗauke, Barmo ya tafi.
Da karan gero aka gwada tsawonsa,
aka kai wa masu haƙa.
Katantanwata na cikin aljihu,
ba wanda ya neme ta,
ni ma ban taɓa ta ba, don na san kan hanya.

Yanzu za a sa famfo a rijiyar da ya haƙa kusa da Kalfu.
A Yamai za a yanko bututun,
mai yankan bai taɓa ganin faɗin kafaɗar Barmo ba.
Injiniya ya ce in kawo zurfi a takarda.
Na ɗauko igiyar daga rataye,
har yau tana warin laka.
Na buɗe hannuwana yadda na ga yana yi:
ashirin, har da saura.
Ashe ban kai shi ba.
Na ja katantanwa: talatin da huɗu da ɗan guntu.
Na sake da la'asar, na sake da safe,
bai ƙaru don tausayi ba, bai ragu don tsiya.

Na rubuta talatin da huɗu, na sa hannu.
A gefe, da fensir, ƙanana:
gaba sha tara, na Barmo.
Injiniya ya ɗora yatsa, ya ce, "Wannan fa?"
Na ce, "Wanda ya fara taɓa ruwan ne.
Bar shi nan, ba zai hana famfo tafiya."

Sikelin da na saya wa Inna kuwa,
wata biyu kaza na kwana a kansa.
Ran Lahadi na wuce ta rumfarta,
na gan ta tana zuba gero a hankali,
ido kan allura, har ta tsaya cak.
Ta dubi yarinyar da ke riƙe da buhu,
ta dubi ƙafafunta,
ta sa hannu, ta ƙara damƙi.
Allura ta karkace, ta rasa ta cewa.
Inna ta ce, "Shi ya faɗi tasa.
Wannan ta saman ba ta kilo ba ce,
je ki, ki gaida gida, ɗiya."