Ranar da Fijon Baba Ta Hau Janwe

Shekara ashirin da uku tana ƙarƙashin tsamiya
a bayan gidanmu na Bajoga.
Tayoyinta sun zauna dirshan,
kaji sun yi kwanci a kujerar baya,
zanzaro ya yi gini a jikin madubi.

Gidado ya iso da janwe da hantsi.
Bai yi garaje ba.
Ya zagaya ta sau biyu, hannu a baya,
kamar mai duba saniya kafin ya taya,
sannan ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta,
ba ka ganin komai sai faso a dugadugansa.

Yaronsa Isiya har ya saƙala ƙugiya a bamba.
"Cire!" in ji murya daga ƙasa.
"Wannan ado ne, tsatsa ta gama da shi ta ciki.
Ka ja nan, bamba ta tafi Gombe, mota ta zauna.
Ba a ɗaga tsoho ta wuyan riga.
Ƙugu ake kamawa."
Ya lalubo ƙarfen shasi, ya ƙwanƙwasa, ya saurara,
ya zarga bel hagu da dama
don nauyi ya rabu daidai.

Taya uku sun karɓi iska. Ta huɗu ta ƙi,
birki ya kame ta tun zamanin da ake awon auduga.
Baƙin mai kaɗan, guduma a hankali,
tas, tas, kamar mai sallama a gidan surukai,
har ta saki.

Aka kwantar da katako biyu don gangaren ya yi sauƙi.
Aka cire giya.
Gidado ya jefa tsohon bargo a tsakiyar waya:
"In ta tsinke, ta faɗi ƙasa, kada ta yi bulala."
Ya kori yara har bayan katanga,
ya kori Malam Buba da sandarsa daga bayan mota.
"Waya ba ta san ɗan mai gida ba."

Ni aka ce in riƙe sitiyari ta taga,
ƙafafuna a ƙasa, jikina a gefe.
Baba bai taɓa barin mu taɓa shi ba.
Ga ni da furfura a gemu,
hannuna na rawa kamar na yi sata.

Winci ya yi ƙara. Waya ta miƙe, bargo ya ɗaga.
Shiru.
Sai ƙasa ta yi nishi ta sake ta.
Taƙi ɗaya. Tsaya. Isiya ya cusa waji.
Taƙi biyu. Tsaya. Waji.
"Dama kaɗan. Ya isa. Saki, ja baya."
Hancinta ya dubi sama,
busassun 'ya'yan tsamiya suna gangarowa daga rufi.

Inna Dudu na bakin ƙofa, gari a hannunta.
Ta ce, "A cikinta aka kai ni haihuwarka.
Ina ihu, ina cizon mayafi,
ubanka bai wuce arba'in ba."
Ta share hannu a zani, ta ɗaga murya:
"Gidado, kai ma kada ka wuce."

Ya ɗaure ƙafa huɗu, kowacce da bel ɗinta,
ya ƙara sarƙa a baya,
ya sa kafaɗa ya girgiza: ko gezau.
Ya ce zai tsaya a Tongo ya sake ja,
ɗauri yakan yi sanyi in ya sha hanya.

Suka tafi, tana kallon sama-sama kan rufin maƙwabta.

Inda ta tashi, ramuka huɗu,
da ƙasa mai duhu wadda rana ba ta sani ba.
Kaza na zagayawa tana ƙorafi.
A tsakiya, rabi a binne,
sifana mai lamba goma sha uku,
wadda Baba ya rantse ni na ɓatar.