Hannu Biyu

A kasuwar kifi ta Mokpo
kaka Sun-rye na koya wa Da-on miƙa canji:
"Hannu biyu, 'yar nan, ki ɗan rusuna.
Hannu ɗaya na jifa ne."

Shekarar Da-on biyar.
Ta tuna, ta manta,
tsaba na zubewa cikin ruwan ƙanƙara.

Ran nan wani tsohon masunci ya zo sayen ƙaguwa.
Hagu kaɗai ya miƙo,
hannun rigar dama a naɗe,
teku ya ci rabonsa tuntuni.

Yarinya ta dubi kaka.
Kaka ta yi gum, tana kankare kifi.

Sai Da-on ta zuba masa canjin,
ta tallafi tafinsa da nata,
ta ce, "Yanzu sun cika biyu."