Mai Shiga Tsakani

A bayan wani otal a Barnawa
na durƙusa gaban akwatin wuta,
fensir a kunne, zane a takardar buhun siminti.

Jar waya ta famfo, shuɗiya ta hita.
Koriyar kuwa, ogana Ladan ya ce
ita ake fara kai wa ƙasa:
"Ruwa da wuta ba sa ga maciji, Dogara,
kai ne mai shiga tsakani."

Na saita agogon ciki:
biyar na asuba famfo ya farka
ya tace ganyen da ya kwana a tafki,
sha biyu ya ɗiga magani,
in an ɗauke wuta
ya jira janareta ya gama tari.

Makatsar wuta na gwada sau bakwai.
Manaja ya ce ya isa.
Na ƙara ɗaya
don yaron da ban sani ba
da zai faɗa ciki ran Asabar yana dariya.

Da magariba fitilun ƙarƙashin ruwa suka kama.
Ni ban iya iyo ba.
Na nannaɗe ragowar waya,
na tsaya wajen mai garuwa a Kakuri
na sayi jarka biyu.