Ko Suna Kashe Inji

Takardu uku Zuwaira ta aiko daga Legas,
masu sheƙi kamar an shafa musu man gyaɗa.
Ta ce, "Baba, shekara talatin da ɗaya ka yi a masaƙar Kakuri,
kunnenka bai taɓa hutawa ba.
Akwai wani tsibiri can tsakiyar teku,
ba kowa sai tsuntsu da kififiya.
Zaɓi jirgi ɗaya, ni zan biya."

Bayan la'asar na baje su a tabarma,
na danne kowacce da abin da hannuna ya kai:
kofin shayi, rediyo, takalmi wari guda.

Na farkon gari ne aka ɗora wa ruwa,
hawa tara, fitilu kamar Kasuwar Barci daren jajibere.
In cunkoso nake so, ai tashar Kawo na nan,
kuma ba sai da fasfo ba.

Na biyu ƙarami ne, fari tas, mutum arba'in.
Sun ce komai za ka taɓa da hannunka.
Ga hoton wata baiwar Allah rungume da ɗan tsuntsu
tana dariya.
Na daɗe ina duban idon tsuntsun.

Na ukun ko takardarsa ba kauri.
Mutum goma sha shida, gado kan gado,
kuma a ƙasa, da ƙananan baƙi:
ba mu yi alkawarin za ka ga komai ba.

Jafaru jikana ya latsa waya,
"Kaka, wannan taurari biyar gare shi, wancan uku da rabi."
Na ce, yaro, tauraro ba ya rabuwa biyu.

Da safe na naɗe su a aljihu, na gangara Kabala
wajen Ndagi mai kwale-kwale.
Ya tsufa, gorar ma ta tsufa.
Shi ne wata shekara, da ruwa ya ja baya,
ya kai ni wani ɗan tudun yashi tsakiyar kogi.
Saura kaɗan mu isa, ya ɗaga filafili,
ya ɗora a gwiwa, ya bar ruwa ya ɗauke mu.
Ba wanda ya yi tari.
Kirinjijiya sun fi ɗari, ba wadda ta tashi.
Zalɓe a ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi.
Can gefe wani gungume ya buɗe ido,
sai na san garin nan bai ci sunansa a banza ba.

Ndagi ba ya karatu.
Ya juya takardun, ɗaya ma a kife,
ya shinshina, ya miƙo mini.
Ya ce, "Girman jirgi ba ruwan tsuntsu da shi.
Tambaye su abu ɗaya:
in sun kusa, suna kashe inji?"

Zuwaira ta tambaya.
Na farko ba su amsa ba har yau.
Na biyu suka ce injinsu sabo ne, ba ya ƙara.
Na uku, wata mata mai shaƙaƙƙiyar murya ta ce,
kullum da asuba, sa'a guda cur,
har wasu baƙin kan yi ƙorafi.

To.
Ni da masaƙa ta rufe tun tuni
amma har gobe tana saƙa a kunnena na hagu,
me zan nema a bayan duniya
in ba wannan sa'ar ba?

Na sa hannu.
Dije na ta ɗaure kilishi a leda,
tana mitar mai hawan jini ba ya hawa teku.
Ban san yadda zan gane alƙibla ba in jirgi na juyawa.
Ndagi ya ce in zauna a tsakiya,
in bar hula a gida.