Iskar Jika Shida

Ƙarfe biyu na rana, tsakiyar bazara,
duwatsun Birni sun gasu har ƙadangare na ɗage ƙafa,
sai kwamfutata ta yi tsaki ɗaya, ta ɗauke numfashi
da kundin Nafi'u a cikinta, shafi na sittin da huɗu.
Ban adana ba.

Yaron bai ce uffan ba.
Ya dubi agogo, ya dubi takalminsa.
Jibi zai tsaya gaban malamai a jami'a.

Na hau kabu-kabu rungume da ita kamar mai kai ɗa asibiti,
har Kasuwar Dole, rumfar Zabeiru
mai tabarau ɗaure da zare.
Ya kwance ƙusa huɗu, ya kai yatsa, ya janye ba shiri.
"Malam Tasi'u, waina kake toyawa a nan?
Ƙwaƙwalwa ce fa, ba tanda ba."

Tsohuwar fanka ta gaji, fiffike ɗaya ya karye,
man da ke ƙarƙashinta ya tsage
kamar bakin tafki kafin ruwan fari.

Ya ɗauko kwali biyu.
"Wannan da ruwa take sanyayawa, har da fitilu,
jika arba'in da biyar."
Na yi dariya har na ƙware.
Ruwa? A Damagaram?
Ni da ke taren ɗan ga-ruwa tun asuba
in ɗebi ruwa in shayar da ƙarfe?

"To ga ta talaka, jika shida.
Bututun jan ƙarfe biyu, ganyen sanholo jere kamar matsefi,
fanka ɗaya baƙa, ba ado,
sunanta ma ba ya faɗuwa."
Na ce biyar. Ya ce albarka.
Na ce da rabi. Ya ce kawo,
amma man shafawa dala ɗari.
Sai a hanya na lissafa: shidan dai na biya.

Ya ɗiga man, bai kai ƙwayar wake ba,
ya ɗaure ƙusoshi gicciye, a hankali, yana cizon leɓe.
Da ya zo rufewa murfi ya ƙi.
Baƙuwar ta fi ɗakin tsawo da yatsa guda.
Ya ce, "Bar ta a buɗe, ai ba amarya ba ce."

Ubana maƙeri ne a Zengo.
Ina ɗan shekara tara ni ke masa zuga,
hannu na hawa da sauka kan fatar akuya
har gawayi ya yi ja, ƙarfe ya yi laushi, ya zama hauya.
Yakan ce iska abincin wuta ce.
Da yana raye, da na kai shi ya gani,
ɗansa ya sayi iska da kuɗi
don ta hana ƙarfe zafi.
Ban san ko dariya zai yi ba,
ko ya juya ganyen nan a tafin hannu
ya tambayi wa ya ƙera.

Mun koma. Nafi'u na karantowa, ina bugawa,
daga shafi na hamsin da ɗaya, inda ta tuna.
Kowane sakin layi sai ya ce, "Adana, Malam."
Ina adanawa.

Sha ɗaya na dare, shago ya zama murhu,
rigata ta manne da baya,
fankar rufi ta mutu tun bara, ban gyara ba.
Ita kuwa tana can tana gunaguni ƙasa-ƙasa
kamar tsohuwa mai jan carbi,
ƙwaƙwalwarta lafiya lau.

Na ja kujera kusa da gefen da ya ƙi rufuwa,
na miƙa ƙafa.
Ragowar iskar da ta gama da ita ce, da ɗuminta.
Nafi'u ya gani, ya cire takalmi,
ya matso da tasa kujerar.