Tsakuwa a Gwangwani

Ni ne Tsahiru na Jiratawa,
wanda kuka sani da buhu biyu a wuya.
Ran kasuwa, kafin ladan ya gyara murya,
na riga na sauke rabin motar aya.
Ana cewa, "Yaron nan ƙarfe ne."
Ban gaya wa kowa ba
a teburin Cindo nake sayen ƙarfen,
tsakanin ashana da maganin sauro,
ƙwaya ɗaya dala ashirin.

Ɗaya ce da fari, cikin shayi.
Ɗayar ta kira ƙanwarta,
ƙanwar ta zo da dangi.
Kafin gero ya fid da kai a daminar nan
sai na haɗiye shida nake amsa sunana.
In babu tiramol, akwai burkutun bayan tasha.
In babu kuɗi, akwai dare.

Inna tana da jar akuya
mai haihuwa biyu-biyu.
Da nononta aka yaye Raƙiya.
Na kwance ta ana tsakiyar barci,
ta biyo ni ko kuka babu,
don ta san warin hannuna.
Da safe Inna ta tsaya gaban turke,
ta naɗe igiyar, ta rataye a danga,
ba ta tambayi kowa ba.
Da ta zage ni, da na sami abin riƙewa.

Wata rana na faɗi tsakiyar kasuwa,
buhu a kaina, kumfa a baki, ina shure ƙasa.
Mata suka ce iskoki ne.
Majo ya buɗe idona da yatsa,
ya ce, "Iskarka tana cikin aljihunka."

Nomau ne ya ɗauke ni a amalanke,
tsohon nan mai lambun zogale
wanda ya shanye gonar ubansa ƙwarya-ƙwarya
tun ba a haife ni ba.
Bai yi mini wa'azi ba.
Ya ce, "Ga ruwa, ga shuka, ga gwangwanin tumatir.
Duk ranar da ta faɗi ba ka sha ba,
jefa tsakuwa ɗaya."

Kwana bakwai na farko
ƙasusuwana suna ƙaiƙayi daga ciki.
Ina rawar ɗari a tsakiyar bazara,
ciki ya tsinke, barci ya yi hijira.
Na zagi Nomau har kakansa.
Yana zaune bakin bukka yana tufka igiya,
ya ce, "Ƙara. Shi ma ya ji irinta daga bakina."

Tsakuwa arba'in da ɗaya.
Sai aka yi suna a unguwarmu,
Cindo ya kama hannuna, ya ce, "Wannan kyauta ce."

Na dawo lambu da asuba, kaina ƙasa.
Nomau ya miƙo gwangwani:
"Zubar da hannunka.
Nawa sau bakwai na zubar."
Ƙarar tsakuwa arba'in a kan ƙasa
ta fi faɗuwar kasuwa zafi.

Yau ɗari biyu da uku.
Buhu ɗaya nake ɗauka, shi ma da nishi.
Yara har yanzu suna kirana Ɗan Ƙwaya,
wasu gidajen ana jawo ƙyaure in na gifta.
Da kuɗin ganye na sayo ƴar akuya, ja,
na sauke igiyar nan daga danga, na ɗaure.
Inna ta daɗe tana kallonta.
Ta ce, "Ba ita ba ce."
Na ce, "Na sani."
Ta ce, "To, kawo mata harawa."

Teburin Cindo yana nan inda yake,
kuma hanyar lambu ta gabansa ta bi.
Tsakuwar yau tana cikin tafin hannuna,
ta yi ɗumi.
Rana ba ta faɗi ba tukuna.