Rumfar Shanun Gela

Gela ya kori shanu daga rumfa,
ya jera injuna arba'in a gurbinsu.
Dare da rana suna huci,
ba kiwo, ba nono.

Kakarsa Tsiyala ta leƙo:
Me suke ci?
Ya ce, lantarki.
Me suke haifa?
Ya ce, amana, kaka.

Da can intanet gidan haya ne,
makulli ɗaya a aljihun mai gida,
ran da ya ga dama ya watso maka kaya waje.
Yanzu littafi guda ne a hannu dubu,
kowane shafi ɗaure da na bayansa kamar sarƙa.
Goge layi ɗaya a nan Mestiya,
wani a Lima zai ce ƙarya kake.

Tsiyala ta tuna shekarar da banki ya rufe ƙofa
da kuɗin bijimanta tara a ciki.
Maganar ta shige ta.

Daren Laraba dusar ƙanƙara ta sauko,
wayar gari ta gaza,
unguwa ta yi baƙi ƙirin.
Ta bango ake jin tarin jaririn Eteri.

Da safe ta ɗauko littafin bashinta
mai maiƙo a gefe.
Ta ce, wannan ma kowa ya san cikinsa.
Rubuta: wutar maƙwabta, dare ɗaya.
Wa zai biya?

Gela ya daɗe yana kallon shafin.
Ya sa takalmi, ya nufi rumfa,
ya kashe goma.